Turanci ya sa na daina magana a wurin aiki

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 24, na yi difloma, wata huɗu ke nan da na samu aiki a teburin karɓar baƙi na wani kamfani a Abuja. Matsalata Turanci. Ina jin duk abin da aka faɗa, rubutuna ma ba laifi, amma da na buɗe baki zan yi tambaya sai in kwafsa. Wata rana na tambayi wani baƙo, "Did you came with your ID card?" sai abokiyar aikina ta fashe da dariya a gabansa, daga baya ta riƙa kwaikwayona a gaban sauran. Sai na ɗauka rashin sabo da "did" ne matsalar, na fara saka ta a ko'ina don bakina ya saba. Makon jiya ogata ta tambaye ni me da me na gama da safe, na ce mata, "I did send the letters, I did call the driver, I did print the list." Ta kalle ni ta ce wai me ya sa nake magana kamar ana musu da ni. Wallahi Anti ban yi nufin rashin kunya ba. Yanzu ba na magana sai dole, wayar ofis na yin ƙara gabana zai faɗi. Ina tunanin in ajiye aikin in koma gida, amma da albashin nan nake biya wa ƙannena biyu kuɗin makaranta. Ki ba ni shawara.

Taki, wata 'yarki a Abuja.

Wa alaikumus salam 'yata. Zan fara da abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki: kada ki ajiye aikin nan. Na yi shekaru ina koyar da Turanci a sakandare, na ga yara masu ƙwaƙwalwa sun ja da baya saboda dariyar mutum ɗaya, kuma har yau abin yana ci mini rai. Abin da ya same ki bai kai ya raba ki da abincinki da karatun ƙannenki ba. Kurakuran nan biyu tushensu ɗaya, wasu 'yan ƙananan kalmomi da masu nahawu ke kira mataimakan aikatau, wato masu taimaka wa kalmar aiki irin "tafi" ko "come". Ki zauna mu bi su a hankali.

Kafin mu taɓa Turanci, ki saurari Hausarki. Muna cewa ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Kin lura kalmar "tafi" ba ta motsa ba? Lokacin duk yana jikin ɗan guntun da ke gabanta, wato ya, zai, yakan. Shi ne ɗan dakon da ke ɗauke da kayan lokaci, aikatau kuma ya biyo bayansa hannu rabbana. A magana ta kai tsaye Turanci ba haka yake yi ba, aikatau da kansa ke ɗaukar kayan: "come" ya koma "came", "see" ya koma "saw", "send" ya koma "sent". Amma da zarar an zo tambaya ko korewa, sai Turanci ya koma yin irin namu. Ya kira ɗan dako, wato mataimakin aikatau "did", ya ɗora masa lokacin, aikatau ya sauke kayansa ya tsaya yadda yake a ƙamus. Shi ya sa ake cewa "You came", amma a tambaya a ce "Did you come?", a korewa kuma "You did not come." Da kika ce "Did you came", kaya ɗaya kika ɗora wa mutum biyu. Iyakar laifin ke nan.

Kuma ina so ki ga wani abu a cikin kuskuren nan da wadda ta yi miki dariya ba ta gani ba. Wanda bai san "came" ba, ba zai taɓa yin wannan kuskuren ba. Kin san abin ya riga ya faru, kin san kalmar da ke nuna hakan, sai kika nuna shi sau biyu don ki tabbatar. Gyaran irin wannan ya fi gyaran wanda bai san komai ba sauƙi nesa ba kusa ba.

Haka abin yake a lokacin yanzu. Ana cewa "She works here", da ɗan harafin s a wutsiyar aikatau. Idan za a yi tambaya sai harafin ya tashi ya koma kan ɗan dako, "do" ya zama "does", aikatau ya rage ba komai: "Does she work here?" Shi ya sa "Does he has a car?" ba ta zauna ba, "Does he have a car?" ake cewa. Duk inda kika ji bakinki ya furta do, ko does, ko did, to aikatau ɗin da zai biyo baya tsirara yake zuwa.

Sai dai ba kowace jimla ke neman ɗan dako daga waje ba. Wasu da nasu suke zuwa: am, is, are, was, were, da will, would, can, could, should, may, must, da kuma have, has, had idan wani aikatau na biye da su. Idan ɗaya daga cikinsu na nan, shi za ki ɗauko ki kawo gaba, tambaya ta haɗu. "He has arrived" ta koma "Has he arrived?" "She can wait" ta koma "Can she wait?" Idan sun yi jerin gwano su biyu ko uku, na farkon kaɗai ke tasowa: "She has been waiting" ta koma "Has she been waiting?" Do ba ya shigowa sai gidan da babu kowa. Kalmar "have" ce kawai mai fuska biyu. Idan mallaka take nufi, ita ce aikatau ɗin da kanta, sai a kira mata do: "Do you have an appointment?" A Ingila za ki kuma ji "Have you got an appointment?", duka biyun daidai ne, ki zaɓi ɗaya ki riƙe.

Bari in ɗan kauce, don na san abin zai sanyaya miki rai. Su kansu Turawan ba da wannan "do" suka fara ba. Shekaru ɗari biyar da suka wuce, mutumin Ingila zai iya juya aikatau kawai ya ce "Know you this man?", kamar yadda Jamusawa ke yi har yau idan suka ce "Kommst du?" A ƙarni na 16 ne "do" ta riƙa yaɗuwa a tambaya da korewa, zuwa wajen 1700 ta zama ita ce hanyar da aka fi bi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Alvar Ellegård, ya bi tsofaffin rubuce-rubuce ya ƙirga yadda ta yaɗu, ya fitar da binciken a 1953. Abin da ya ɗauki masu harshen fiye da ƙarni kafin ya zauna a bakinsu, ba abin kunya ba ne don ya ba 'yar Hausa wahala a wata huɗu. Harsuna kaɗan ne ma a duniya ke da irin wannan tsarin, don haka Bafaranshe da Balarabe duk a nan suke tuntuɓe.

A teburinki akwai tambayoyi iri biyu da nake so ki kula da su. Na farko masu "who". Ki dubi waɗannan: "Who sent you?" da "Who did you send?" Ta farkon tana nufin wa ya aiko ka, ta biyun wa ka aika. Idan wanda ya yi aikin kike nema, babu did, aikatau ya riƙe kayansa. Idan wanda aka yi wa aikin kike nema, did ta shigo. Baƙo ya zo da takarda, kika ce masa "Who did you send?" alhali so kike ki san wanda ya turo shi, za ku yi ta kallon juna. Na biyu tambayar ladabi, wadda ake lulluɓewa cikin wata. "Where does he work?" daidai ce ita kaɗai. Amma idan kika fara da "Could you tell me", tambayar ta riga ta auku a farkon, sauran sai ya koma magana ta kai tsaye: "Could you tell me where he works?" Haka "Do you know where the manager is?", ba "where is the manager" ba.

Yanzu mu zo kan ogarki, don nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne za ki iya yin asara idan ba a gyara ba.

Mu Hausawa muna da arzikin 'yan kalmomin ƙarfafa magana: fa, dai, kam, kuwa, mana, ai. "Na tura" daban, "na tura fa" daban, "ai kuwa na tura" daban. Kowace da yanayin fuskar da take tafiya da ita. Turanci ba shi da irin waɗannan da yawa, sai ya ɗora wa mataimakan aikatau wannan aikin. Idan Bature ya saka did a jimlar da ba tambaya ba, ba korewa ba, to fa ɗinsa ke nan. "I sent it" na nufin na tura. "I did send it" na nufin ai kuwa na tura, kuma ba a faɗin ta sai in wani ya yi shakka, ko ya ce ba a yi ba, ko ana zaton ba za a yi ba. To ki mayar da abin da kika faɗa wa ogarki zuwa Hausa, ki ji da kunnenki. Ta tambaye ki cikin lumana me kika gama, kika ce: ai kuwa na tura wasiƙun, na kira direba fa, kuma ai na buga takardar. Da ƙanwarki ce ta amsa miki haka, me za ki ce? Za ki ce wa ya ce ba ki yi ba. Abin da ogarki ta ji ke nan. Ba ta yi miki ƙage ba, ke ma ba ki yi rashin kunya ba. Kin ɗauki kalmar musu kina zaton kalmar tsafta ce. Amsar da take jira ita ce, "I sent the letters, I called the driver and I printed the list."

Kada wannan ya sa ki guji did ɗin ƙarfafawa gaba ɗaya, don ranar amfaninta na zuwa. Ranar da aka ce miki "You didn't call the driver", kuma kin san kin kira, a nan za ki ce "I did call him, ma, at nine o'clock." A nan ta zauna daram, kuma ta fi dogon bayani kare miki mutunci. Sharaɗinta shi ne nauyin murya ya sauka a kan did ɗin, ki ɗan ɗaga ta sama da sauran kalmomin. Idan kin rubuta jarrabawar WAEC za ki tuna ɓangaren Turancin baka, inda ake rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe a ce ki zaɓi tambayar da jimlar ke amsawa. Wannan darasin ne ya biyo ki ofis. Idan kuma jimlar ta zo da nata mataimakin, ba a kiran do, shi ake danna wa murya: "I have told him", da nauyi a kan have, ko "She is coming", da nauyi a kan is.

Akwai kuma wata fuskar do mai laushi, wadda na fi so ki mallaka, domin ta masu karɓar baƙi ce. "Sit down" umarni ne, kamar a ce zauna. "Do sit down" kuwa tayi ne, daidai da bismillah zauna mana. "Do come in" shigo mana. Baƙo ya daɗe yana jira ransa ya fara ɓaci, ki ce "I do apologise for the delay, sir", ko "I do understand." Do a nan tana nuna abin daga zuciya ya fito. Kalma ɗaya ce, a wani wuri ta zama garkuwa, a wani wuri ta zama shimfiɗa. Bambancin shi ne wanda kika sani tun kina yarinya tsakanin "zo mana" ta lallashi da "na ce na zo mana" ta ƙosawa.

Akwai wani rami da ba ki ambata ba, amma na san yana gabanki, don yana gaban duk wanda ya tashi da Hausa. Wata rana na raka wata maƙwabciyata asibiti za a ɗebi jininta, gwajin da ake so mutum ya zo bai ci komai ba. Ma'aikaciyar, wadda ba ta jin Hausa, ta tambaye ta, "You haven't eaten this morning?" Maƙwabciyata ta gyaɗa kai ta ce "Yes." Nan take matar ta ajiye sirinjin ta fara rubuta mata wata ranar. Ina zaune a gefe da jakarta a cinyata, na san tun sallar asuba ko ruwan shayi ba ta sha ba. Da na sa baki aka warware, aka ɗebi jinin. Da ba na wurin, da ta koma gida da yunwa da asarar kuɗin mota, ta sake dawowa wani makon. A Hausa idan aka ce ba ki ci ba, sai ki ce e, ban ci ba, wato kin yarda da maganar mai tambaya. A Turanci "yes" da "no" ba maganar mai tambaya suke bi ba, abin da ya faru suke bi. In ba ki ci ba, "no" ce amsar, ko ta wace fuska aka yi tambayar. Maganin wannan a hannun mataimakan nan yake: kada ki taɓa barin yes ko no su fita su kaɗai. Ki ce "No, I haven't", ko "Yes, I have." Aka ce "Didn't he sign?", ki ce "No, he didn't", ko "Yes, he did." Ko da kin rikice a kalmar farko, wutsiyar za ta fitar da ke. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinki. Idan aka ce wa ya share ɗakin nan, ai cewa kike ni na yi, ba sai kin maimaita sharar ba. "I did" ke nan.

'Yar wutsiyar tambaya kuma, irin tamu ta "ko ba haka ba", mu ɗaya gare mu mai shiga ko'ina, shi ya sa mutanenmu ke liƙa "isn't it" a bayan kowace magana. A Turanci wutsiyar tana ɗauko mataimakin jimlar ne ta juya shi: "You came yesterday, didn't you?", "She hasn't left, has she?" Wannan ba gaggawa, ki bar shi sai sauran sun zauna.

Ga abin da nake so ki yi daga gobe. Aikin teburin baƙi tambayoyinsa ba su da yawa, su ne dai ke ta dawowa. Ki samu ƙaramar takarda ki rubuta guda goma da kika fi yi, kowace a daidai: "Do you have an appointment?", "Who would you like to see?", "Did you come with your ID card?", "Has he called you?", da sauransu. Ki ajiye ta ƙarƙashin rajistar baƙi inda idonki kaɗai zai kai. Da daddare ki karanta su da ƙarfi, ki ɗauki muryarki a waya ki saurara. Da ƙarfi nake nufi, ba a zuci ba, don kanki ya riga ya san ƙa'idar, harshenki ne bai saba ba, shi kuma harshe ba ya koyo sai ya motsa. Shirun da kika shiga shi ne babban abin da nake jin tsoro. Mai karɓar baƙin da ba ta magana ita ake fara sallama, ba mai kuskuren did ba. Wayar nan idan ta yi ƙara ki ɗauka, ki yi kuskuren in ya zo, ki gyara a jimla ta gaba.

Ita kuma abokiyar aikin naki, abin da ta yi bai dace ba, musamman a gaban baƙo, kuma ba zan ce miki ki ɗauke shi wasa ba. Amma kada ki yi gaba da ita, kada kuma ki kai ƙara tun yanzu. Ki same ta ita kaɗai, ba a gaban kowa ba, ki ce mata idan ta ji kin yi kuskure ta faɗa miki a gefe, za ki gode. Yawancin masu irin wannan dariyar da an ba su matsayin malami sai kunya ta kama su. In ta ci gaba da kwaikwayonki bayan haka, to abin ya tashi daga Turanci ya koma cin fuska, a lokacin kina da hujjar sanar da na gaba da ku.

Ogarki kuwa kada ki bari a kwana biyu. Ki shiga wurinta da safe kafin aiki ya yi zafi, ki gaishe ta, ki ce mata kin gano abin da ya sa amsarki ta ranar nan ta yi kama da gardama, kuskuren Turanci ne, kina kuma gyarawa. In kina son kalmomin, ga su: "I'm sorry about the other day, ma. I wasn't arguing. I was using 'did' wrongly, and I'm working on it." Ki maimaita su a gida har su zauna a bakinki. Bayan wata guda ki rubuto mini ki faɗa mini yadda kuka yi da ita, ki kuma turo mini tambayoyi goman da kika rubuta in duba miki su. Ki gaishe mini da ƙannen naki, Allah ya yi wa aikinki albarka.